Ƙofar Da Ta Ɓata

Shafi na 9
Na Najaha Salisu, Matameye

Salama gare ku. Masu cewa na daɗe, ku yi haƙuri, sau uku ina goge shafin nan ina sakewa. Ga shi dai yadda ya fito.

*

Tun daga bakin lungu Malam Ummaru Planto ya hango amalanke a ƙofar gidan Inna Batulu. Gabansa ya faɗi.

Bai gama faɗuwa ba sai ga abin da yake tsoro ya leƙo daga zaure. Ƙofar ƙarfe, shuɗiya, sabuwa fil kamar jiya aka ƙera ta. Ɗan'azumi mai amalanke na ja, Batulu na turowa.

"A hankali, Ɗan'azumi! Kar ka goge min fenti, kayan gwamnati ne."

"Inna, ni fa rake na saba ɗauka. Rake ba ruwansa da fenti."

Ummaru ya ƙaraso yana haki.

"Batulu, mene ne wannan da sassafe?"

"Au, Planto, makanta ta zo ne bayan tsufa? Ƙofa ce."

"Na ga ƙofa ce. Ina za ta?"

"Inda ya kamata ta je tun shekara takwas da suka wuce, ba don kai ba."

Taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa, tun suna yara ba ta taɓa raga masa ba. A kullum yakan rama. Ban da yau.

Shekara tara ke nan da wasiƙa ta zo daga barikin soja, lokacin da ake ta yaƙi can gabas, bakin tafki, inda aka kai Munkaila ɗan Batulu. Wasiƙa da Faransanci. Batulu ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, mijinta Alasan ya rasu, sai ta aika a kira mata taubashinta. Wa ya fi shi cancanta? Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana planto a biron kumandan, wato ofishinsa, yana kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Duk unguwa ta yarda Faransanci a bakinsa kamar ruwa yake.

Gaskiyar da Allah kaɗai ya sani ita ce, kalmomin da Ummaru ke iya karantawa ba su cika tafin hannu ba.

A cikin wasiƙar nan kaf, biyu ya gane: porté disparu.

Ta farko tsohuwar abokiyarsa ce, kullum yana ganin ta manne a bakin biro inda aka ce a rufe ƙofa: porte. Ta biyun ma ya san ta, tun ranar da hatimin kumandan ya ɓata aka wuni ana ihun disparu. Sai dai akwai wani ɗan ɗigo a karkace a kan harafin ƙarshe na ta farkon. Ya sa farce ya kankare, bai fita ba, ya ce a ransa kashin ƙuda ne.

Ya gyara murya ya ce, "Ƙofa ta ɓata."

"Ƙofar wa?"

"Ta bariki. Kuma ga sunan yaronki a kai."

Kwana uku bayan nan, cikin hira, mushen lakwal, wato malamin makarantar, ya warware masa. Ɗigon nan ba kashin ƙuda ba ne. In yana nan, magana ba ta ƙofa ba ce. Ana nufin sojan da aka nema aka rasa a fagen yaƙi, ba gawa, ba labari.

Duk Matameye ta san Munkaila ya ɓata a yaƙi. Batulu kaɗai ce ta san ba haka ba ne. Ita a saninta ɗanta ya saci ƙofar bariki, kunya ta sa ya ɓuya, kuma ranar da aka biya ƙofa zai fito. Ta sa Ummaru ya rantse ba zai tona asirin gida ba. Ta sa mai walda ya ƙera wata, ta jingine ta bayan gado, ta lulluɓe da zane.

Yau ga ta a kan amalanke.

"Batulu, ki saurare ni," in ji Ummaru. "Irin wannan abu ba a yin sa da gaggawa."

"Shekara takwas ce gaggawa?"

"Akwai doka."

"Bara ka ce sojoji ba sa karɓar ƙofa da damina."

"Haka yake."

"Bara waccan ka ce sai an buga mata hatimi."

"Ai kin san sha'anin gwamnati."

"Wadda ta gabace ta ka ce mai karɓar ƙofofi ya tafi Makka."

"Ya tafi mana!"

"Har yau bai dawo ba? A ƙafa ya tafi, ko rarrafe yake?"

Ɗan'azumi ya tsaya da igiya a hannu.

"Wai Inna, akwai mai aikin karɓar ƙofofi a gwamnati? Ana ɗaukan mutane?"

"Ɗaure kayanka, ba da kai ake ba."

Ta gyara lulluɓi, ta dafa ƙafar amalanke ta hau, ta zauna a kan ƙofar kamar wadda za a kai Damagaram biki.

"Yau an ce babban sojojin da kansa zai zo filin lakwal," ta ce. "Za a yi addu'a, a karanta sunayen sojojin da suka ɓata. Ruwa ya zo min har ƙofar gida, sai in tsaya neman guga? A gaban kowa zan miƙa masa. Hau mu je, kai ne tafinta."

A gaban kowa.

Ummaru ya hango kansa a tsakiyar fili, ga liman, ga magajin gari, ga matan da 'ya'yansu suka ɓata da gaske, ga Batulu na miƙa ƙofa. Ya hango fuskarta lokacin da wani baƙo zai gaya mata abin da shi ya kasa gaya mata shekara tara. Ya hau amalanke.

Begensa ɗaya ya rage, jakin Ɗan'azumi. Duk Matameye babu malalaci irinsa. Jaki ne da yakan tsaya a tsakiyar hanya ya yi tunanin duniya, sai an roƙe shi da Allah da Annabi. Ummaru ya runtse ido yana addu'a a zuci. Ya Allah, ka sa masa halinsa na kullum.

Ɗan'azumi ya ce, "Kur!"

Jaki ya zabura kamar an ce masa ana rabon dusa a filin lakwal.

"Ikon Allah!" in ji Ɗan'azumi. "Rabon da ya yi gudu irin wannan tun yana ɗan aholaki. Inna, kayanki na da albarka."

Ummaru ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, ƙarfen amalanke da ɗaya.

A kwanar masu kayan miya wata mata ta tsaya ta rusuna.

"Inna Batulu, za a je wajen addu'a? Allah ya bayyana mana su."

"Amin, 'yar nan, amin."

Suna wucewa ta zunguri Ummaru da gwiwar hannu, tana danne dariya.

"Ka ji su ko? Bayin Allah. Shekara tara suna min jaje, ina amsawa. Da sun san abin da ja'irin ya aikata!"

"Batulu..."

"Ni abin da ke ɗaure min kai, me zai yi da ƙofa? Ba shi da ɗaki, ba shi da mata. Da agogo ya ɗauka sai in ce ƙuruciya. Ƙofa fa! Ta ina ma ya fita da ita?"

"Batulu, akwai maganar da nake so..."

"Halin dangin ubansa ne. Mu a wajenmu ba a sata."

"Ai dangin naki nawa ne."

"Shi ya sa na ce ba a sata, ban ce ba a ƙarya ba."

Ummaru ya ce a ransa yanzu ne. In bai faɗa a kan amalanken nan ba, a fili za a faɗa. Ya buɗe baki.

Ita ta riga shi, murya ƙasa-ƙasa don kar Ɗan'azumi ya ji.

"Ka san wani abu, Planto? Ban taɓa gaya maka ba, don kar kanka ya kumbura. Ranar da takardar nan ta zo, na riga na gama. Tun da aka daina jin wayarsa kwana bakwai ban sa komai a bakina ba. Da na ga ambulan na ce shi ke nan, an kashe min yaro. Wallahi da abin da ka karanta ke nan, da tare za a yi mana sadaka."

Ta share gefen ido da bakin mayafi.

"Sai ka ce ƙofa. Kai, ban taɓa jin kalma mai daɗin wannan ba. Ɓarawo dai, amma mai rai. Ni dai ya dawo, in zane shi, in dama masa fura."

Ta dube shi.

"Me za ka ce ɗazu?"

"Cewa zan yi... fentin ya yi kyau."

"Ka ga ka fara hankali."

*

Filin lakwal ya cika. An kafa rumfa biyu, maza a ɗaya, mata a ɗaya. A layin gaba na rumfar mata, tsofaffi ne zaune a tabarma, kowace da hoto a cinya. Wani yaro da kakin soja yana murmushi, wani ya sha kunu don a ce jarumi ne. Daga Ɗan Barto aka zo, daga Icirnawa aka zo. Ba mai hira.

Cikin wannan shirun amalanke ta kutso, jaki ya ja burki a gaban tutar ƙasa, ya ɗaga kai ya yi kuka har sau uku.

Duk fili ya juyo.

"Sauke," in ji Batulu. "Tsayar da ita sosai su gani."

Ɗan'azumi ya tsayar da ƙofa a tsakiyar fili, ya riƙe ta ta baya. Ƙofa tsaye, ba gini, ba ɗaki.

Wani soja dogo ya taso daga kujerun manya, hula a karkace, takardu a hannu. An rubuta sunansa a ƙirji, amma Ummaru ba wannan ya duba ba. Igiyar kafaɗa ya duba. Ajidan ne, muƙamin da ya ɗara saje. Shi ne babban da aka ce.

Dabara ta faɗo masa. In dai magana ta bakinsa za ta bi, to shi ke da linzami. Ya yi tsalle ya sha gaban Batulu, ya ƙame, ya sara kamar zamanin biro.

"Bonjur, mon ajidan!"

Ajidan ya ɗan yi turus, ya amsa, ya zubo Faransanci mai tsawo kamar igiyar rijiya. A ciki duka "madam" kaɗai Ummaru ya cafke.

"Me ya ce?" in ji Batulu.

"Ya ce sannu da zuwa."

"To gaya masa ga ƙofarsu na kawo. Yaron nan ya yi kuskure, sharrin shaiɗan ne. Su yafe masa ya fito daga inda ya ɓuya."

Ummaru ya juya.

"Mon ajidan... madam... kado. Kado pur soja. La port. Tire joli."

Wato kyauta ce ta kawo wa sojoji, kuma kyakkyawa.

Ajidan ya dubi ƙofa, ya dubi Ummaru, ya sake faɗin wani abu.

"Me ya ce?"

"Ya ce ƙofa ta yi, sai dai shi mai karɓa..."

"Ka ce Makka in fasa maka kai."

"A'a. Ya ce a ajiye ta bayan rumfa, sai an kai awonta Damagaram."

"Ba inda za a ajiye ta. Gaya masa yaron nan ba halinsa ba ne. Tun yana ƙarami ko goruba bai taɓa ɗauka ba. Sau ɗaya ne ya karyi rake a lambun Malam Sule, shi ma sai da ya kwana uku yana barci a kife don bulalar da ya sha. Gaya masa ni na haife shi, na san cikinsa. In tasu ta fi wannan girma, in ƙara musu da taga. Ni dai su ce masa uwarsa ta biya, ya dawo gida, ba wanda zai yi masa gori."

Ummaru ya share zufa.

"Madam... kontan. Tire kontan."

Wato tana murna ƙwarai.

Batulu ta kama haɓa.

"Duk zancen nan da na yi, shi ne kalma biyu?"

"Nasara ba ya son dogon zance, Batulu. Harshensu a dunƙule yake."

"Baba," in ji ajidan, "Allah ya huci zuciyarka, amma ba haka Inna ta ce ba."

Da Hausa ya faɗa. Hausa tsantsa, wadda ko gishiri ba ta nema.

Hannun Ummaru da ke sare a goshi ya sauko da kansa.

"Kai... kana jin Hausa?"

"Ni ɗan Tsauni ne, Baba. Rabi'u sunana. Kai ka fara yi min Faransanci, na ga ba daɗi in katse babba."

Daga bayan ƙofa aka ji muryar Ɗan'azumi.

"To ai an huta."

Batulu ta ture Ummaru gefe kamar labule.

"Alhamdu lillahi! Ɗan nan, ashe na gida ne. To ka ji komai da kunnenka. Karɓi ƙofarku."

Ajidan Rabi'u ya ga idanun mutane sun yi yawa. Ya yi wa mai riƙe da abin magana alama a fara addu'a, shi kuma ya ja su gindin wata bishiyar dogon yaro a gefen fili. Ɗan'azumi ya biyo su da ƙofa yana nishi.

"Inna, a hankali. Wace ƙofa ce ta ɓata?"

"Kai ma kana rufa min asiri ne? Allah ya yi maka albarka. Amma ba sai ka ɓoye ba, a rubuce take."

Ta kwance bakin zane, ta fito da wata 'yar leda, cikin leda tsumma, cikin tsumma takarda da ta yi laushi don ninki. Ta miƙa da hannu biyu.

Ya karanta. Ya kai wajen da farce ya kankare, ya tsaya. Ya koma sama ya sake duba sunan, ya daɗe a kai.

"Inna, wa ya karanta miki wannan?"

"Ga shi nan. Shehun Faransancin gidanmu."

Ajidan ya dubi Ummaru. Ba harara ba ce, da harara ce da ta fi sauƙi. Ya matso kusa da shi ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ni zan faɗa, ko kai?"

Ummaru ya dubi hanya. Da ƙafafunsa na shekara ashirin ne, da yanzu ya kai garin Kance. Ya cire hula, ya murɗe ta a hannu.

"Batulu."

"Me kuma?"

"Babu ƙofa."

"Kamar yaya babu ƙofa? Wannan da Ɗan'azumi ke riƙe da ita tabarma ce?"

"A cikin takarda nake nufi. Babu ƙofa a ciki. Ba a taɓa yin ƙofa a ciki ba."

Ta dubi ajidan, ta dubi Ummaru.

"Kai da bakinka ka ce."

"Na ce. Akwai wani ɗan ɗigo a kan harafi..."

"Wanda ka kankare? Ka ce kashin ƙuda ne."

"Ba kashin ƙuda ba ne."

"To kashin mene ne?"

"Ba kashin kowa ba ne, Batulu. Rubutu ne. Ni ne ban sani ba. Ban iya karatu ba. Ban taɓa iyawa ba. Takarda nake ɗauka in kai, ba a taɓa cewa in buɗe ba."

Can a rumfa liman ya fara addu'a, ana amsawa da amin.

"To in ba ƙofa ba," Batulu ta ce a hankali, "me ya ɓata?"

Ummaru ya dubi hular da ke hannunsa.

"Yaron ne. An kai musu hari. Da gari ya waye aka duba, ba shi cikin masu rai, ba shi cikin waɗanda aka binne. Abin da mutanen gari ke faɗa miki, shi ne gaskiya. Bai ɗauki komai na kowa ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon bakinsa kamar har yanzu Faransanci yake yi.

"Yaushe ka sani?"

"Kwana uku."

"Kwana uku da suka wuce?"

"Kwana uku... bayan wasiƙa."



"Inna," in ji Ɗan'azumi, "in jingine ta ne? Hannuna ya sage."

Ba wanda ya kula shi.

"Shekara tara," in ji Batulu. "Shekara tara ina ce wa ɗana ɓarawo."

"Batulu..."

"Ka san addu'ar da nake yi masa in na idar da salla? Matan can suna cewa Allah ya bayyana, wasu suna cewa Allah ya ji ƙai. Ni me nake cewa? Allah ya shirye shi ya daina ɗauke-ɗauke! Shekara tara mala'iku na rubuta min wannan, Ummaru!"

Rabon da ta kira shi da sunansa na yanka, ya manta.

"Na zo in gaya miki," ya ce. "Wallahi na zo. Da gudu na zo, takalmi ɗaya. Na tarar da ke a tsakar gida kina cin tuwo. Ke da kika yi kwana bakwai ba ki ci ba, na tarar kin cinye kina suɗe kwano, kina zaginsa kina dariya. Na tsaya a zaure. Na ce bari ta gama. Da kika gama na ce bari gobe."

"Saboda tuwo."

"Saboda tuwo."

Ta sunkuya ta cire takalmi. Ummaru bai kauce ba, ya ma miƙo kai. Ta ɗaga. Ta daɗe a haka. Sannan ta jefar da shi ƙasa ta mayar a ƙafa.

"Ba zan dake ka a gaban gwamnati ba. Mu je gida."

"Na yarda."

"Ba yardarka na nema ba."

A rumfa an shafa fatiha. Mai abin magana ya fara kiran sunaye, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Duk sunan da aka kira, sai wata tsohuwa ta ɗaga hoto sama, fili ya amsa, "Allah ya bayyana." Wata ba ta da hoto, hularsa ta ɗaga.

Batulu ta juya tana kallonsu. Matan nan ta sha wuce su a hanya tana tausaya musu, tana gode wa Allah da nata ɓarawo ne.

"Ban zo da hoto ba," ta ce, kamar da kanta take. "Ƙofa na zo da ita."

Ta gyara lulluɓi, ta fuskanci ajidan.

"Ɗan nan, je ka ce a kira shi. A kira shi da ƙarfi, yadda aka kira na kowa, in amsa. Munkaila. Munkaila Alasan. Ni ce uwarsa."

Ummaru ya ɗago ya dube ta. Ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ba a taɓa jin sa a bakinta ba, sai yaron nan, sai ja'irin nan. Yau ta faɗa har sau biyu, a gaban baƙo.

Ajidan Rabi'u bai motsa ba.

"Inna, sunan nan ba za a kira shi yau ba."

"Saboda me? Ai ka ji bai saci komai ba!"

"Ba don haka ba."

Ya buɗe takardun hannunsa, ya nuna mata wani layi. Ko wanda bai yi lakwal ba ya ga jan biro ya ratsa shi daga farko har ƙarshe.

"Jiya aka soke shi, kafin in taso. Tun safe nake tambayar gidan Alasan. An kai ni gida uku, ɗaya mahauci, ɗaya mai gyaran rediyo, ɗaya ma yaro ne ɗan shekara biyar. Da na ga sunan a takardarki na so in yi magana, sai na ga ba a ɗora ta biyu a kan ta farko ba a warware ba."

"Ta biyu?"

Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro ambulan, fari, a liƙe, da hatimi a baya.

"Ba a soke sunan wanda ya ɓata sai da ɗayan biyu, Inna. Ko an gan shi, ko an ga..."

Bai ƙarasa ba.

"Wanne ne?"

"Ban sani ba. An ce hannu da hannu, ga iyalinsa. Ban buɗe ba."

Shekara ashirin da shida ba wasa ba ce. Ummaru na ganin ambulan da hatimi, hannunsa ya miƙe da kansa zai karɓa.

Tas! Batulu ta make shi.

"Kai! Ko inuwarka kar ta taɓa takardar nan. Ɗan'azumi!"

"Na'am, Inna."

"Riƙe min mutumin nan."

"Inna, ina riƙe da ƙofa."

"To sa shi bayanta."

Haka aka yi. Malam Ummaru Planto, tafintan unguwa, ya koma bayan ƙofa ya tsaya kusa da Ɗan'azumi, goshinsa a jikin ƙarfe mai zafi. Ba ya ganin komai sai shuɗin fenti. Leɓɓansa na motsi, duk addu'ar da ya sani ta tsere, sai Ya Latifu kaɗai ta rage, ita yake ta maimaitawa.

Ya ji an yage bakin ambulan.

Ya ji an warware takarda.

Har Ɗan'azumi ya daina nishi.

"Inna," muryar ajidan ta canza, "ki zauna tukuna."

"Shekara tara ina zaune. Karanta."